Sojan da Ba a Sani Ba Yana da Suna

An nemi in rubuta wa ɗalibai, musamman 'yan aji shida masu shirin barinmu, wani abin da za su tafi da shi. Na zaɓi in yi magana a kan matattu, watau sojojin ƙasarmu da suka kwanta dama a bakin aiki, gama ina ganin akwai bashi a wuyanmu wanda ba mu biya ba, mu ikkilisiya da makaranta da ƙasa baki ɗaya.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana yin Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Duk mai talabijin ya san yadda abin yake tafiya. Manya sukan hallara a Abuja da hedkwatocin jihohi, a yi fareti, a busa begila, a harba igwa, a ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a sani ba, daga nan a saki fararen tattabaru. Ran Juma'a a yi addu'a a masallaci, ran Lahadi a yi sujada a majami'a. Kafin nan an ƙaddamar da ɗan bajon da ake maƙalawa a ƙirji, gwamnoni sun yi alkawarin kuɗi. Bayan azahar kowa ya kama gabansa, sai kuma baɗi. Ban raina wannan biki ba, kuma ba na so a daina. Abin da ke damuna shi ne mun saba da "sojan da ba a sani ba" har mun manta cewa babu wani soja da ya taɓa mutuwa wanda ba a san shi ba. Kowannensu uwa ce ta haife shi, an raɗa masa suna, yana da gari, yana da wanda ya yi ta jiran dawowarsa. Idan ya zama ba a san shi ba, to, wani ne bai rubuta ba, wani kuma bai tambaya ba.

Bari mu fara da ranar kanta. A zamanin Turawa ran 11 ga Nuwamba ake yin wannan tunawa, kamar yadda Ingila da sauran ƙasashen da ta yi wa mulki suke yi, domin a ran 11 ga Nuwamba 1918 ne da ƙarfe 11 na safe aka tsayar da wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya Nijeriya ta mai da tata zuwa 15 ga Janairu, ranar da aka gama yaƙin basasa a 1970, sa'ad da Philip Effiong ya zo barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya a madadin Biyafara a gaban Janar Yakubu Gowon. Amma wannan rana tana ɗauke da wani nauyi kuma. A daren 15 ga Janairu 1966 ne aka yi juyin mulki na farko, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Samuel Akintola, aka kuma kashe manyan hafsoshi kamar Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Ademulegun da Kanar Kur Mohammed da Laftana Kanar Abogo Largema da Laftana Kanar James Pam. Waɗannan sojoji ba abokan gaba daga waje suka kashe su ba. 'Yan'uwansu masu kaki irin nasu ne suka harbe su. Saboda haka rana ɗaya ta haɗa mana mafarin masifar da ƙarshenta, kuma wanda ya tsaya a wannan rana yana taɓa hannu don murna kawai bai fahimci abin da ake tunawa ba.

Ya ku ɗalibai, da yawa a cikinku kun taɓa wucewa ta ƙofar bariki, waɗansunku ma a bariki aka haife ku. Kun taɓa tambaya mene ne Kalapanzin, ko Dalet, waɗanda suke Kaduna? Mene ne Chindit na Zariya? Daga ina aka samo Myohaung da Arakan da Tamandu da Dodan na Legas, ko Letmauk na Ibadan? Ba Hausa ba ne, ba Yarbanci ba, ba Turanci ba. Kusan dukansu sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka yi yaƙi da Japanawa. Chindit kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da aka kai da jiragen sama can bayan sahun abokan gaba a 1944, a cikinta akwai bataliya uku na Nijeriya. Mogadishu na Abuja daga yaƙin da aka yi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941 ya samo asali. Bukavu na Kano gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya bayan 1960. Ashe tarihin yana rubuce da manyan baƙaƙe a bakin hanya, muna wucewa kullum a cikin mota ba mu karanta ba.

Tun kafin Bama an yi waɗansu yaƙoƙi. Da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, Kamaru tana hannun Jamus, sai aka tura Rundunar Nijeriya ta ƙetare iyaka. A Garwa aka yi musu mummunar ɓarna a watan Agusta 1914, garin bai faɗi ba sai Yuni 1915. Dutsen Banyo an hau shi da rarrafe a Nuwamba 1915. Jamusawan da suka maƙale a kan dutsen Mora ba su sauko ba sai Fabrairu 1916. Wani abin tausayi shi ne, a ɓangarorin biyu yawancin masu riƙe da bindiga baƙaƙen fata ne, wani lokaci ma harshensu ɗaya. Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa, da farko sojan Jamus ne, daga baya ya koma rundunar Ingila har ya kai samanja ya yi suna. Da aka gama da Kamaru aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, ƙasar da ake kira Tanzaniya yau, inda yunwa da zazzaɓi da atini suka yi musu ɓarna, aka kuma yi ƙazamin yaƙi a Mahiwa a watan Oktoba 1917 inda 'yan Nijeriya da yawa suka kwanta.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama, aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Akwai mutanen Gana da Saliyo da Gambiya a ciki, amma 'yan Nijeriya suka fi yawa. Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan, wurin da babu hanyar mota, sai duwatsu da kurmi da ruwan sama da matsattsaku. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Ta 82 ta biyo baya a 1944, su biyun suka haɗu suka ci garin Myohaung a watan Janairu 1945. Ku tsaya ku yi tunani kaɗan. Saurayi ɗan shekara goma sha tara daga wani ƙauye a Zuru, ko Langtang, ko Katsina, ko ƙasar Tibi, wanda bai taɓa ganin teku ba, an sa shi a jirgin ƙasa zuwa Legas, an sa shi a jirgin ruwa makonni, an kewaye da shi ta Afirka ta Kudu, an sauke shi a wata ƙasa da bai taɓa jin sunanta ba. Waɗansu da son ransu suka shiga domin albashi da kaki, waɗansu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa domin an ce kowace gunduma ta kawo mutane. Wanda ya dawo ya dawo da lambar yabo da labarin Indiya. Wanda bai dawo ba, a gidaje da yawa ba a taɓa kawo ko takarda ba, sai dai uwa ta ga abokan tafiyarsa sun iso ba shi.

A nan ina so in daɗe kaɗan a kan waɗansu mutane da ba a cika ambatonsu ba, watau 'yan ɗako. A yaƙoƙin nan duka, a bayan kowane mai bindiga akwai mai ɗauke da kaya a ka: akwatin harsashi, buhun shinkafa, sassan igwa, gadon ɗaukar mai rauni. A Afirka ta Gabas 'yan ɗako sun mutu fiye da sojoji nesa ba kusa ba. A Bama ma rundunoninmu da ƙarfin wuyan waɗannan mutane suka ratsa inda alfadari ma yake turjewa. Harsashi bai san bambancin mai bindiga da mai kaya ba, amma da aka zo rabon yabo sai aka san bambancin. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto a 2021, ta amsa da bakinta cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Baturen da ya mutu an gina masa kabari da dutse da suna da lambar aiki. Baƙin da ya faɗi kusa da shi an ce wai mutanensa ba za su gane amfanin dutsen kabari ba. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a majalisarta a wannan shekara. Neman gafara abu ne mai kyau, sai dai ba ya dawo da sunan da ya ɓace shekara ɗari.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa an yanke wannan shari'a tun da daɗewa. A Littafin Sama'ila na Ɗaya sura 30, Dawuda ya bi Amalekawa da mutum ɗari shida, ɗari biyu suka gaji suka tsaya a bakin rafi wurin kaya. Da aka dawo da ganima waɗansu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya kome. Dawuda ya ƙi, ya sa aka raba daidai tsakanin wanda ya shiga yaƙi da wanda ya tsare kaya, ya kuma mai da abin doka a Isra'ila. Turawan da suka kawo mana wannan littafi suna da shi a aljihu sa'ad da suke rabon duwatsun kabari. Na faɗi wannan a mujallar makarantar mishan da sanin inda nake, gama gaskiya ba ta rage darajar bishara.

To, mun ga laifin Bature. Mu fa, da muka karɓi mulkin kanmu a 1960, me muka yi? Sojojinmu sun je Kwango daga 1960 zuwa 1964. An yi yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, wata talatin. An je Lebanon. Daga 1990 aka shiga Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, daga can aka wuce Saliyo, kuma Nijeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin, na kuɗi da na jini. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san yadda ake kawo gawawwaki a binne shiru. Birgediya Maxwell Khobe, mutumin Adamawa, wanda ya jagoranci mayar da zaɓaɓɓiyar gwamnati a Saliyo a 1998 ya kuma rasu a 2000, an sa wa barikin Rukuba na Jos sunansa, ya kuwa cancanta. Amma ina allon da aka jera sunayen kurataye da kofurori da saje-sajen da suka faɗi a titunan Monrobiya da Firitawun? Ran 26 ga Satumba 1992 jirgin saman soja ya faɗi a fadamar Ejigbo a Legas jim kaɗan bayan tashinsa, mutum fiye da 150 suka mutu, yawancinsu hafsoshi matasa daga kwalejin Jaji. A rana ɗaya matan aure da yawa suka zama gwauraye. A 2007 aka kai hari sansanin Haskanita a Darfur, 'yan Nijeriya bakwai suka mutu suna tsaron mutanen da ba su haɗa kome da su ba.

Sa'an nan ga yaƙin da ya zo har ƙofar gidanmu tun 2009. Kowa ya ji sunan Laftana Kanar Muhammad Abu Ali, gwanin tankar yaƙi, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamba 2016. An ji labarin Metele a Nuwamba 2018. An ji na Kanar Dahiru Bako a 2020, da Birgediya Dzarma Zirkusu a Askira Uba a 2021. A watan Mayu na 2021 babban hafsan sojan ƙasa, Laftana Janar Ibrahim Attahiru, ya mutu a hatsarin jirgin sama a Kaduna tare da mutum goma. A watan Maris 2024 aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta. Waɗannan kaɗan ne da jaridu suka ɗauka. Maƙabartar soja ta barikin Maimalari a Maiduguri tana cike da samari da bai fi shekara biyar ko shida da barin aji irin naku ba. Musulmi da Kirista suna ciki, daga kudu da arewa. A rami ɗaya suka kwana suna gadi, a kwano ɗaya suka ci garin kwaki. Idan akwai waɗanda suka nuna cewa ƙasar nan tsintsiya ce mai maɗauri ɗaya, su ne, ba masu faɗin haka a lasifika ba.

Na san akwai mai karatu da zai ce, malam, dakata. Sojojin nan da kake yabo ba su ne suka yi ta ƙwace mulki da bakin bindiga shekara da shekaru ba? Ba su ne suke sa direba tsallen kwaɗo a shingen hanya ba? Ba su ne suka je Odi a 1999, da Zaki Biam a 2001, da Zariya a 2015, suka bar gawawwakin farar hula ba? Wannan tambaya tana da nauyi, ban kuwa yarda a kawar da ita da cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari ba, gama abin ya wuce wake ɗaya. Wanda aka ƙone gidan ubansa a Zaki Biam yana da dalilin da zai sa ya kau da kai idan ya ji begila. Amsata ita ce girmama wanda ya mutu yana tsare mutane bai wanke wanda ya kashe mutanen da aka ce ya tsare ba. Ai ma rundunar da ba ta hukunta mai laifi a cikinta ita ce take zubar da mutuncin matattunta, domin ta sa jama'a sun haɗa su a kwando ɗaya. Da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambaya me za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Wannan ma'auni yana nan har yau, kuma da shi za mu raba wanda ake tunawa da godiya da wanda ya kamata ya tsaya gaban shari'a.

Wani kuma zai ce waɗanda suka je Bama yaƙin Bature suka yi, ba namu ba. Gaskiya ne ba a tambayi ra'ayinsu ba, kuma an biya su ƙasa da abin da aka biya farar fata. Wannan ƙari ne a kan dalilin tunawa da su. Wanda aka zalunta da rai, bai kamata a ƙara masa da mantuwa bayan mutuwa ba.

Akwai kuma maganar da ba a son taɓawa, ta samarin da suka mutu a ɓangaren Biyafara, da ɗimbin yara da mata da yunwa ta kashe a can, da waɗanda aka kashe a garuruwan arewa a 1966 tun kafin a fara yaƙin. Ra'ayina shi ne, tun da an zaɓi ranar sulhu ta zama ranar tunawa, kuma Janar Gowon da kansa ya shelanta cewa babu wanda ya ci wani, to, addu'ar wannan rana ta haɗa da su. Ku duba Littafin Sama'ila na Biyu sura 1. Saul ya farauci Dawuda shekaru yana neman ransa. Da labari ya zo cewa Saul da Jonatan sun mutu a dutsen Gilbowa, Dawuda bai yi biki ba. Ya yage tufafinsa, ya yi azumi, ya tsara waƙar makoki wadda ta ambaci mutanen biyu da sunansu, ya kuma umarta a koya wa mutanen Yahuza ita. A lura da wannan na ƙarshe. Bai bar abin ga zuciyar kowa ba, ya sa shi a cikin abin da ake koyarwa. A sura ta gaba ya aika da godiya ga mutanen Yabesh-gileyad domin sun yi tafiyar dare sun ɗauko gawar Saul sun binne ta.

Amma Dawudan nan shi ne kuma ya nuna mana mafi munin abin da mai mulki zai yi wa soja. Uriya Bahitte amintaccen soja ne, har ya ƙi zuwa gidansa ya kwana domin abokansa suna kwance a fili. Sarki ya rubuta wa Yowab takarda a sa shi a inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma ba Uriya takardar ya kai da hannunsa. Da aka kawo labarin mutuwarsa sarki ya ɗauke shi kamar abin da yaƙi ya saba yi. Da a zamaninmu ne, da an lulluɓe akwatin Uriya da tuta, an harba bindiga, an kira shi jarumi, wanda ya kashe shi ma yana gaba wajen ajiye furanni. Allah bai karɓi wannan ba, ya aiko Natan. Na kawo wannan ne domin a ƙasarmu an sha jin koke-koken sojoji a bakin daga cewa ba su da isasshen makami, ko harsashi ya ƙare, ko alawus bai zo ba. A 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su kayan aiki ba. A 2015 aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri, a wannan shekara kuma gwamnati ta kafa kwamitin binciken kuɗin sayen makamai, aka yi ta jin biliyoyin da ba su zama bindiga ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya ci kuɗin makami ya tura ɗan wani bakin daga hannu wofi, takardar Uriya ya rubuta, ko da bai taɓa ganin fuskar yaron ba. Ikkilisiyar da ta karɓi irin wannan mutum a kujerar gaba ran sujadar tunawa, ba ta kuwa ce uffan ba, ta bar aikin Natan.

Sai maganar gwauraye da marayu, wadda ita ce gwajin da Yakubu ya ba mu na sahihin addini. Bayan an gama jana'iza, matar soja takan shiga wani yaƙi nata. Ɗakin bariki ba nata ba ne, bayan ɗan lokaci dole ta kwashe kaya ta ba wani wuri. Ta fara yawon ofis da fayil a hannu tana neman garatuti da kuɗin inshora, yau a ce babu sa hannun wane, gobe a ce sunan da mijin ya rubuta na magaji tun yana kurtu sunan wansa ne, tun bai yi aure ba. Dangin miji su zo su ɗauki abin da suka ga dama. Na koyar da yara da suka daina zuwa aji a tsakiyar zango, da aka bincika sai aka tarar uban ya faɗi a arewa maso gabas kuma babu mai biyan kuɗin makaranta. Akwai tsarin tallafin karatu na 'ya'yan sojojin da suka rasu, amma macen da ba ta yi karatu ba, tana zaune a ƙauye, wa zai cika mata fom, wa zai bi mata sawu? Irin wannan aiki ba ya bukatar gwamna. Yana bukatar mutum ɗaya mai ilimi da haƙuri a cikin ikkilisiya ko unguwa wanda zai ce, kawo takardun in gani. Ku masu fita bana, nan da shekara kaɗan waɗansunku za su zama akawu, waɗansu lauyoyi, waɗansu ma'aikatan banki, kuma wata rana irin wannan fayil zai sauka a kan teburinku.

Game da makarantarmu, ga abin da nake roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Muna da allo a ɗakin taro mai sunayen shugabannin ɗalibai, muna da na waɗanda suka ci kofin guje-guje. Ya kamata a ƙara allo ɗaya na tsofaffin ɗalibai da suka mutu a aikin soja ko ɗan sanda, da shekarar da suka bar makaranta da wurin da suka faɗi, ba tare da duba muƙami ko addini ba. Ran 15 ga Janairu takan faɗo a farkon zango na biyu muna makaranta. A taron safe na wannan rana a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru na minti biyu, a yi addu'a domin iyalansu da kuma dukan waɗanda yaƙi ya ci. Baikon sujadar Lahadin da ta fi kusa a keɓe shi domin kuɗin makarantar maraya ɗaya na soja. Ɗaya kawai, amma a riƙe shi har ya gama. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu aka kafa, dalilin kuwa domin wata rana yara su gani su yi tambaya. Allon da nake nema aikinsa ke nan, ɗan aji ɗaya ya tsaya a gabansa ya ce wane ne wannan.

Ku kuma ɗalibai ga aikin hutu, ba na maki ba. Idan kun je gida ku nemi tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a gidanku ko unguwarku. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun shuɗe, amma 'ya'yansu suna nan, sojojin yaƙin basasa kuwa waɗanda suka rage sun haura saba'in. Ku gaishe su yadda ya kamata, ku zauna a ƙasa, ku ce, Baba, ko Kaka, a gidan nan wa ya tafi soja bai dawo ba? Ku rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa da garinsu, da yaƙin da ya je, da shekarar in an tuna, da lambar aikinsa in akwai tsohuwar takarda ko lambar yabo a ƙasan adaka. Idan mutumin ɗan ɗako ne ku rubuta shi daidai da mai bindiga. Idan tsohon ya yi shiru bai so magana ba, kada ku matsa masa, ku koma wata rana. Ku yi kwafi biyu, ɗaya ku bar wa gida, ɗaya ku kawo ofishin malamai a makon farko na dawowa hutu, za mu haɗa su a littafi ɗaya mu ajiye a laburare.